Tambaya da Amsa: Farfaɗo da Tsohuwar Kombi da Tsatsa Ta Ci

Tambayoyin wannan fitowar sun taru a kan mota ɗaya, Volkswagen T2, wadda muka fi sani da Kombi. An ƙera ta a Jamus daga 1967 zuwa 1979, Brazil kuma ta ci gaba da ƙera ta har Disamban 2013. Da Kombi aka san danfon Legas na farko-farko, kuma ita kamfanin Westfalia ya riƙa mayarwa motar zango, mai gado da kabad da murhu da rufin da ake ɗagawa. Makanikai da masu gyaran bodi na wannan fili ne suka amsa.

Tambaya: Mahaifina ya rasu ya bar Kombi ƙirar 1974, shekara goma sha biyu tana ajiye a gindin mangwaro. Ina so in mai da ita motar zango, amma ban taɓa gyaran mota ba. In fara da fenti ne? — Mai karatu daga Kaduna

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifi, ya sa ya huta. Malam, ajiye maganar fenti tukuna. Abu na farko shi ne ka san ko ƙarfen da ke ɗauke da motar yana nan da ransa. Ka janye ta zuwa kan siminti, ka ɗaga ta, ka ɗora a kan matokaran ƙarfe huɗu. Kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai ko kan bulo, don bulo ba ya sallama kafin ya fashe. Ka fitar da kujeru da tabarmar roba da duk abin da ya rufe daɓen, sannan ka ɗauki tocila da sukudireba mai kauri da ƙaramar guduma.

Lafiyayyen ƙarfe in ka ƙwanƙwasa shi ƙara yake yi ƙwal-ƙwal. Ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, garin tsatsa na zubo maka a fuska. Inda fenti ya kumbura kamar ƙuraje, danna sukudireba da ƙarfi. Tsatsa daga ciki take cin Kombi ta ɓullo waje, shi ya sa abin da ido ya gani bai taɓa kai abin da ke ɓoye ba.

Ka bi dogayen ƙarafan shasi biyu daga gaba har baya, da rassan da suka fita daga jikinsu suna riƙe da daɓe, da mazaunin jak guda huɗu. Ka duba dandamalin gefe da ke ƙarƙashin ƙofofi, wanda ƙarfe ne a kan ƙarfe, da matakalar ƙofofin gaba, da bakin tayoyi. Akwai mazaunin batir a kusurwar dama ta baya, wanda ruwan batir ke cinyewa. Ka ɗaga robar gilashin gaba ka leƙa ƙasanta, ka kuma share indararon rufi, inda ganyen mangwaro ya shekara yana tare ruwa. Sai babban ƙarfen gaba mai bututu biyu, wanda tayoyin gaba ke rataye a jikinsa. Shi in ya huje ba a yi masa faci, canza shi ake yi ɗungurungum.

Idan shasi lafiya lau yake, motar ta cancanci aiki ko da bodin ya yi kaca-kaca. Idan kuwa dogayen ƙarafan sun ruɓe, musamman ta baya inda suke riƙe da bututun da ke ɗauke da tayoyin baya, wannan ya wuce ɗan koyo. Kana da sa'a guda: motar da ta yi rayuwarta a Arewa galibi ta fi lafiyar ƙasa a kan wadda ta sha iskar teku a Legas, ko gishirin da ake barbaɗa wa tituna a Turai lokacin hunturu.

Jerin aikin shi ne walda, sai birki da sitiyari, sai inji, sai wayarin, sannan fenti, kayan ɗaki a ƙarshe. Duk abin da za ka kwance, ɗauke shi hoto tukuna, ka zuba notunansa a leda ka rubuta sunan wurin.

Tambaya: Fanal bita ya ce ba sai an yanka ba, zai toshe ramukan da fila ya bi da fenti cikin mako biyu. In yarda? — Mai karatu daga Zariya

Amsa: Kada ka yarda. Fila ba ƙarfe ba ce, kuma tana shan ruwa. In aka shafa ta a kan rami, danshi zai shige ta ta baya, tsatsa ta ci gaba da aikinta a ɓoye, damina ɗaya ko biyu ka ga fentin ya kumbura. Amfanin fila shi ne daidaita 'yar lotsawa a kan ƙarfe mai tsabta, kuma kada kaurinta ya wuce milimita 3. Kana iya gane tsohuwar fila da maganaɗisu: naɗe shi a ƙyalle ka bi jikin motar, inda ya ƙi kamawa akwai abin da aka binne.

Tsatsa iri biyu ce. Ta sama-sama, wadda ba ta huda ba, ana goge ta da garanda mai buroshin waya har ƙarfe ya yi fari, a shafa maganin tsatsa mai sinadarin fosforik don ya kashe wadda ta maƙale a ƙananan ramuka, a goge, a bari ya bushe sarai, a fesa firamar ifoksi a ranar. Ƙarfe tsirara ba ya kwana a damina bai yi ja ba. Wadda ta huda kuwa yanke ta ake yi, a ƙara kamar santimita 2 cikin lafiyayyen ƙarfe, a saka sabo. Wurin gugar fila a fara da sanfefa mai lamba 80, a koma 180, sannan 320 kafin a sake bin ta da firama.

Tambaya: Zan iya koyon waldar da kaina? Maƙwabcina mai yin ƙofofi yana da injin walda. — Mai karatu daga Maraɗi

Amsa: Za ka iya, amma ba da wannan injin ba. Fatar bodin Kombi ba ta wuce kaurin milimita 1 ba, sandar waldar ƙofa kuwa huda ta za ta yi nan take. Waldar kabaid da fanal bita suka saba da ita tana yi a hannun gwani, sai dai zafinta na bazuwa ya lanƙwasa faffaɗan gefen motar, a dawo ana cike lanƙwasar da fila. Wadda ta fi dacewa da ɗan koyo ita ce MIG, wato waldar lantarki da inji ke turo siririyar waya maimakon sanda, da waya mai kaurin milimita 0.6 da gas na agon haɗe da kabon dayoksaid. Ka samo tsohuwar ƙofar mota a wurin 'yan gwangwan, ka yi ta yankawa kana haɗawa har sai ka juya bayan ɗinkin ka ga ya ratsa.

Ka zana siffar ramin a kwali, ka yanko sabon ƙarfe mai kauri ɗaya da na wurin. Na rassan shasi ya fi na bodi kauri, don haka auna kafin ka saya. A haɗa baki da baki, kada a ɗora wani kan wani, domin tsakanin ninki biyu ruwa ke kwana. Ba a jan walda a dogon layi a kan siririn ƙarfe. Ɗigo-ɗigo ake yi: ɗaya nan, ɗaya can nesa, a bari ya huce har ka iya dafa hannu, a dawo a cike tsakani. Kafin ka yanke dandamalin gefe, ka gicciya ƙarfe a bakin ƙofofin ka ɗana shi da walda, kuma ka gama gefe ɗaya kafin ka taɓa ɗayan. In ba haka ba bodin zai sauka, ƙofar gefe mai zamewa ta ƙi rufuwa.

Cire batir da tankin mai kafin tartsatsi na farko. Tankin yana bayan wani faifan ƙarfe a gaban inji, kuma tankin da ba mai a ciki ya fi cikakke haɗari saboda tururi. Kada ka wanke wurin walda da feshin wanke birki mai kulorin, don zafi na mai da shi iska mai guba. Bayan fenti, a fesa kakin hana tsatsa cikin duk wani kogon ƙarfe da aka yi wa walda, a kuma tabbatar ramukan tsiyayar ruwa a buɗe suke.

Tambaya: Injin Kombi tawa mai girman cc 1600 ne, ya shekara takwas bai tashi ba. In sa batir in gwada? — Mai karatu daga Jos

Amsa: Dakata. Cire fulogi huɗun, ka ɗiga kamar cokali ɗaya na baƙin mai a kowane rami, ka bar shi ya kwana biyu, sannan ka juya injin da sufana ta notin fuli. In ya cije, kada ka tilasta masa. In ya juya, kama fulin ka tura ka jawo: wasan da aka yarda da shi bai wuce milimita 0.15 ba, don haka in ka ji ƙwas ko ka ga motsi da ido, injin na bukatar buɗewa.

Wannan inji ba shi da lagireto. Iska ce ke sanyaya shi, fanka ke hura ta, fambel ke juya fankar. Saboda haka ka leƙa cikin gidan fanka da tsakanin haƙarƙarin silinda, ka kwashe sheƙar ɓera da ginin zanzaro. Duk gwangwanayen da suka lulluɓe injin su cika, haka ma robar da ta zagaye shi, domin su ke hana zazzafar iskar ƙasa komawa cikin fanka. Wanda ya yar da su yana cewa ado ne, a zafin watan Afrilu zai ƙone inji. In jar fitilar caji ta kama kana tafe, tsaya nan take, wataƙila fambel ne ya tsinke.

Juye tsohon baƙin mai, ka kwance notuna shida na ƙasa ka wanke rariyar, don 1600 ba shi da filtar takarda. Lita 2.5 yake sha, ana canzawa duk kilomita 5,000. Saita bawul inji na sanyi, milimita 0.15 duka takwas ɗin. In sun matse, bawul ɗin salansa ne ke ƙonewa. Tazarar kwantak milimita 0.4 ce, jerin da silindoji ke kama wuta kuma 1-4-3-2. Wanke tanki da kafireta, sannan ka canza kowane tiyon fetur da sabo, ka ɗaure da kilif. Tsagaggen tiyo a saman inji mai zafi shi ya ƙone Kombi da yawa.

Ko ya tashi, kada ka hau titi. Tiyoyin birki na roba kan kumbura ta ciki su riƙe taya, don haka a canza su duka, a duba masta da silindojin tayoyi, a zuba sabon man birki nau'in DOT 4. Tayoyin ma a canza, ko da zanensu bai goge ba.

Tambaya: Na sayi Westfalia a nan Ingila, kabad ɗinta na wari. Me zan yi? — Mai karatu daga Bamingam

Amsa: Hajiya, warin nan ruwa ne ke shiga. A kwance kabad da katakon daɓe a duba ƙarfen da ke ƙasa, sannan a bi robar tagogi da ta rufin ɗagawa, don ta nan ya saba shigowa. In an samu audugar gilashi cushe a bango a fitar da ita, tana riƙe danshi. A sa soso mai rufaffen ƙwaya wanda ba ya shan ruwa. Kada a zubar da asalin kabad ɗin, yana cikin abin da ke ba motar daraja. A canza tiyon gas da ragileta, akwatin tukunyar kuma ya kasance da rami a ƙasa mai fita waje, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake taruwa. A sa mai gyara ya duba akwatunan hita da ke jikin salansa, tunda daga nan iskar ɗumama ɗaki ke fitowa, kuma in sun huje hayaƙi ne zai biyo ta. A maƙala na'urar gargaɗin hayaƙi mai guba na kabon monoksaid kusa da gado kafin a kwana a ciki ko da dare ɗaya.