Amsa: Yadda ake hana maganin haskaka haƙori zurarewa bayan an cire jijiya

Malama, kin tambaya ko maganin da ake sanyawa cikin haƙorin da ya yi duhu bayan an cire masa jijiya zai iya zurarewa zuwa saiwa. Zai iya, muddin likita bai yi masa shinge ba. Wajibi ne ya rufe bakin cikon saiwar da simintin gilas ayonoma (wani irin simintin cikon haƙori) mai kaurin milimita 2, domin maganin da ya ratsa zuwa wuyan haƙori zai iya zaizaye shi. A cikin magungunan haskakawar, na fi natsuwa da sodiyam faboret kwaɓaɓɓe da ruwa a kan haidurojin feroksaid mai ƙarfi da ake ɗumamawa. Duk asibitin da kika je a Jos, ki nemi a fara ɗaukar hoton X-ray na haƙorin, kuma idan cikon wucin gadi da aka rufe maganin da shi ya tsage, ki koma a ranar.