Ledar da ta ci mini fili

Wai da gaske ne ana sa leda a kwalta, ko ƙaryar waya ce? Zauna, yaro, ka fama mini tsohon gyambo.

Gaskiya ne. Wani farfesa ne a Madurai ta Indiya, Rajagopalan Vasudevan, ya fito da dabarar. Tun 2002 aka shimfiɗa titi da ita a Chennai, a 2015 kuma gwamnatinsu ta wajabta ta ga 'yan kwangila a kewayen manyan birane. Amma ba cikin kwaltar ake antayawa ba kamar yadda kuke zato. Tsakuwa ake gasawa ta kai digiri 170, a watsa mata leda da aka yanka ƙanana kamar ƙwayar dawa, cikin rabin minti ta narke ta lulluɓe kowane dutse, sannan kwalta mai digiri 160 ta biyo baya. Dutsen da ya sha leda, ruwa ba ya saurin raba shi da kwalta, ruwa kuwa shi ke kashe titi. Awon ledar kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari na nauyin kwaltar, ba na tsakuwa ba. Zancen marmara da daɓe da rola, in har yau sai na koya maka, to ka ɓata mini shekara biyu a banza.

Na taɓa samun aikin shimfiɗa kwalta a harabar wani gidan mai inda tireloli ke juyawa. Na yi ciniki da wani dillalin 'yan jari bola, ledar fiya wata da ledar cefane kawai, a wanke, a shanya, a yanka. Ɗan unguwarmu ne, sahu ɗaya muke salla, na biya shi tun kafin in ga kaya. Ya kawo buhu arba'in. Na kwance biyu, na cusa hannu iya wuyan hannu, tas. Ashe samansu ne kawai. Ƙasa duk niƙaƙƙen fayif ne da tsofaffin takalman roba da gorar ruwa, an haɗa da jiƙaƙƙen yashi don sikeli ya yi nauyi.

Muna zubawa wani hayaƙi ya tashi mai yaji, leburori na tari, idanu na hawaye. Robar fayif akwai sinadarin kulorin a cikinta, in ta ji wuta guba take fitarwa. Gora kuwa ba ta narkewa a 170, sai wajen 250, haka ta zauna cikin haɗin kamar ɓawon gyaɗa. Danshin yashin ya kashe mini zafi. Tifa uku na jira, mai aiki na tsaye a kaina, na ce a shimfiɗa. Wannan kalmar har gobe tana cin raina.

Ruwan farko na damina, tirela ɗaya ta murɗa taya, kwalta ta ɓamɓaro kamar ƙanzo. Mai aiki ya riƙe cikon kuɗina, ya ce in kankare in sake, kuma da gaskiyarsa. Filin da na saya don in gina wa iyalina, shi na sayar. Dillalin nan ya rantse wai yaransa ne suka yi. Har yau yana miƙo mini hannu a masallaci. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Ku yaran yanzu kun fi son ku ga abu a waya ku ce kun iya. Ga gwajin da bai kai naira ɗaya ba: bokitin ruwa. Ɗebi daga gindin buhu ka zuba, ka motsa. Ledar kirki tana tasowa sama, fayif da gora da yashi su nutse. Gobe kaya za su iso da hantsi. Kowane buhu ka zazzage shi har ƙasa a kan tamfol, ka gwada a gabana, kuma ka bar wayar nan a aljihu.