Alhaji, ina littafin gwajin?

Wani mai sarin buntun shinkafa daga Wurno da Goronyo ya rubuto mini daga Sakkwato. Ɗan ƙanwarsa da ya gama jami'a ya ce su raini funfuna a kan buntu, ta fitar da sinadarin enzayim mai narkar da shi ya koma sukari, daga nan a yi etanol, man da ake gaurayawa da fetur. Alhajin ya ba yaron naira dubu 800. Wata 7 ke nan, ko kwalba ɗaya babu, yaro kuma yana neman miliyan 2. "In ƙara mashi?"

Alhaji, ko kwabo kada ka ƙara.

Ilimin dai gaskiya ne. Funfunar da ake kira Trichoderma reesei, a Yaƙin Duniya na Biyu aka gano ta tana cinye tantunan sojojin Amurka a tsibiran Solomon. Kuskurenka guda ne: ka zuba kuɗi a gwajin da ba a rubutawa, don kana jin nauyin tuhumar ɗan ƙanwa. Da baƙo ne, ai da tuni ka ce a kawo takarda.

Funfuna tana da tsirfar abinci. In ka ba ta sukari sai ta bunƙasa, ta rufe roba kore shar, amma ta rage fitar da enzayim, don ta samu na banza. Dusar alkama tana karɓar ta sosai. Buntu kuwa tauri gare shi, ga yashi a jikinsa, sai an sarrafa shi an ƙara ɗan takin yuriya ko garin ƙuli. Zafin da take so maki 25 zuwa 30 ne, kai kuwa ka san Afrilun Sakkwato, 40 ma wucewa yake. Wanne daga cikin waɗannan ya kashe muku aiki? Ba ka sani ba, shi ma bai sani ba.

Na taɓa shiga ɗakin wani mai irin wannan buri. Robobi sun fi 30 a ƙasa, warin tsami ya cika ko'ina. Ya nuna mini ɗaya ya ce ita ce ta yi kyau. Na ce me ka zuba mata? Ya yi shiru yana sosa ƙeya. Filinsa ya sayar kafin ya haƙura, har yau abin yana ci mini rai.

Ka kira yaron, ka miƙa masa littafi da sikeli. Roba 10 kacal, kowace a rubuta ranarta, nauyin abincinta da zafin ɗaki. A nemi masana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo su auna enzayim ɗin. Kafin sakamako ya fito, ka ci gaba da sayar wa masu kiwon kaji buntunka.