Kabad mai nauyi a bangon jifsom: kada ka dogara da allon

Malam, kana tambaya ko bangon jifsom mai sandunan ƙarfe a ciki zai ɗauki kabad ɗin kicin, ko gara ka rataye ta a dekin. Zai ɗauka, amma fa ba allon da kansa ba. Kaurinsa kamar milimita 12 ne, cikinsa kuma gari, noti na tsigewa ya fito da ɓaraguzansa. Nemi sandunan da maganaɗisu, yawanci akwai santimita 40 ko 60 tsakaninsu. Ka sayo katakon filawud mai kaurin milimita 18, ka ɗaure shi a sanduna uku aƙalla da irin notin nan mai buɗe fukafukai a bayan ƙarfe, sannan ka ɗora kabad ɗin a jikin katakon. Ka nemi notin a kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa a Kano.

Maganar dekin kuwa, sharaɗi ɗaya ne: ka tabbatar kankare ka huda, ba silin ɗin POP da ke ƙarƙashinsa ba. Na taɓa ganin kabad cike da tangaran ta zubo cikin dare a wani gida saboda fishar roba, wato robar da ake cusawa a rami don ta riƙe noti, aka sa mata a sama, Allah ya kiyaye babu yaro a wurin. A sama nauyi kai tsaye yake jan noti ƙasa, don haka sai anka ta ƙarfe, wato notin da ke buɗewa a cikin rami ya kama kankare, kuma ka busa ƙurar ramin tas kafin ka sa ta. In bakin injin hudawa ya ci karo da rodi, kada ka matsa masa, ka gusa gefe ka sake hudawa.