Amsar Yaya ga Auta kan gawayi da kaskon wuta

Assalamu alaikum mutanen gida, an tashi lafiya? Ya sanyi? Auta, na ji muryarki tun da asuba, hannuna ne ya ƙi fita daga bargo sai da rana ta ɗan ɗaga. Ya jego, ya ɗan baƙonmu? Allah ya raya mana shi. Kin ce hunturun Kano na bana ya hana ku barci, kina tambaya gawayi ya fi ko itace, sannan kika ce da dare kina shigar da kasko ɗaki ki rufe ƙofa da taga saboda yaron. To zan ba ki amsa, amma don Allah ki saurara har ƙarshe, kar ki ƙara wa muryar nan gudu.

Mu nan Jos ai ba a magana. Kin san a kan tudu muke, wajen mita 1,200, ruwan da ya kwana a bokiti kamar daga firji aka ɗauko shi. Amma ƙura kam taku ta fi tamu. Baban su yara yana gaya min hazon nan yawancinsa daga wani kwari yake tasowa a arewacin Chadi, wai shi Bodele, iska ta kwaso shi har kan gadonmu. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu dai sai haƙuri, ga kaushi ga faso ga mura.

To batun tambayarki. In don ruwan wankan jego ne, itace ya fi miki sauƙi, tunda tukunyar babba ce kuma a tsakar gida za a hura. Ki ce a nemo miki marke, busasshe, yana ci a hankali kuma yana barin garwashi mai kyau. Ɗanyen itace asarar kuɗi ne, hayaƙi kawai za ki sha idonki ya yi ja. Gawayi kuma in kika samu na ƙirya, kin gama. Shi maƙera suke nema tun da can, saboda nauyinsa da daɗewarsa. Ki ɗaga buhun ki ji, in ya yi miki shafal kamar ba komai a ciki, ki bar masa kayansa. Ki kuma sa a zazzage a gabanki, wasu manyan suna sama, ƙasan duk gari ne.

Gas ki bar shi don shayin asuba da ɗumama ruwan wankan jariri. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi, har mai gawayin ma da kuɗin mota yake kafa miki hujja. Kananzir kuwa ni na manta rabon da in kunna risho.

Yanzu ga abin da ya sa na yi muryar nan, ban tsaya rubutu ba. Auta, kaskon nan kar ya sake kwana a ɗakinku. Wallahi tun da na ji kin faɗa gabana yake faɗuwa. Mutane suna ɗauka in gawayi ya ruru ya yi ja, hayaƙi ya ɗauke, shi ke nan ba matsala. A'a, garwashin nan yana ci gaba da fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari balle ki farka. Tana shiga jini ta kama wurin da iskar numfashi take zama, kuma riƙonta ya fi na iskar numfashin ƙarfi fiye da sau 200. In ɗaki a rufe yake, taruwa take yi, mutum yana barci tana cinsa. Jariri kuma ya fi ki saurin numfashi, shi take fara kamawa.

Na gani da idona a layinmu. Wata maƙwabciyata da 'ya'yanta biyu, mijin yana tafiya, ta shigar da kasko ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Da safe har rana ta fito ba motsi, sai da aka ɓalle ƙofar. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙaramar sai da ta kwana biyu a asibiti. Uwar ta ce min cikin dare ta ji kanta yana sarawa, ta yi yunƙurin tashi ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Har wasu suka fara cewa iskokai ne, a kira malam. Gawayi ne, 'yar'uwa.

Don haka in kun ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko kasala, musamman in ku biyu ko uku ne lokaci guda, ku buɗe ko'ina ku fito waje, ku tafi asibiti ku gaya musu akwai wuta a ɗakin. Haka janareta, Kawu, kai nake nufi, na san kana ji, wanda kake shigarwa zaure saboda ɓarayi, gubar ɗaya ce.

Na san Inna za ta ce su a kan gadon ƙasa suka yi jego, wuta tana ci a ƙarƙashi, ga su nan da ransu. Gaskiya ne Inna, Allah ya ƙara girma. Amma ɗakinku na da ba irin na Auta ba ne. Ku tuna jinka da asabari, iska tana shiga ta ko'ina tana fita. Kuma ginin ƙasa yana riƙe ɗumin rana har dare. Nata bulo ne da kwano da taga ta gilashi, sanyin ya fi shiga, gubar kuma ba ta da hanyar fita.

Ga yadda nake yi. Bayan magariba in hura a waje, mu ji ɗuminmu a baranda da yara, su sha kunu. In zan ɗan ɗumama ɗaki, taga a buɗe, ina zaune ido biyu, ba na kishingiɗa. Kafin isha'i kasko ya koma tsakar gida, in yayyafa ruwa in tabbatar ya mutu, don iskar hunturun nan tartsatsi ɗaya ya ishe ta tayar da gobara. Yaron ki sa masa hula da safa, riga biyu ko uku marasa nauyi, ki shafe shi da man kaɗe, amma kar bargo ya hau fuskarsa. Ki zuba ruwan zafi a gora ki ɗumama shimfiɗarsa, ki cire gorar kafin ki kwantar da shi.

Akwai bargo mai kauri da na sayo a kasuwar Katako, da suwaita biyu na jarirai, zan ba direba ranar Asabar in sha Allahu, ki sa a je tasha a karɓa. Ki kunna wa maigidan naki muryar nan shi ma ya ji, kuma yau da dare zan kira ki da bidiyo in ga inda kaskon yake. Bari in je, ruwan yara ya tafasa. A gaida Inna.