Kwamfutata na ɗaukewa ana tsaka da aiki, an yi mata fomat har sau uku

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ina da ɗan shagon buga takardu da yi wa yara rajistar jarrabawa a ƙauyenmu da ke ƙaramar hukumar Ringim, jihar Jigawa. Kwamfutata ta tebur ce, ta hannu na saya a Kano. Tun shigowar bazara take ba ni wahala: wani lokaci ta nuna shuɗin allo da rubutu, wani lokaci ta mutu ɗif ta sake tashi da kanta. An yi mata fomat (an goge komai an sake ɗora Windows) sau uku, kwana biyu sai abin ya dawo. Da janareta nake yawan aiki. Me ke damunta?

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malam, Allah ya ƙara buɗi. Don Allah a dakata da fomat ɗin nan. Windows ɗin da aka ɗora sabo fil har sau uku amma ciwo ya dawo, kusan ya wanke kansa daga zargi. Ciwon yana jikin kayan cikinta, ko kuma a wutar da take sha. Kafin ka kwance ko noti ɗaya, kwashe takardun mutane ka zuba a filash, domin amana ce a hannunka.

Yadda kwamfuta ke mutuwa shi ke nuna inda za a duba, kuma taka iri biyu take yi. Mutuwar ɗif, ba saƙo ba gargaɗi, galibi zafi ne ko wuta. Shuɗin allo kuwa ya fi karkata ga ram (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita), ko rumbun ajiya, ko direbar wata na'ura (manhajar da ke sa na'urar aiki da Windows). Saboda haka ka samu littafi, duk sanda ta ɗauke ka rubuta ƙarfe nawa ne, wane aiki kake yi, kuma a kan wace wuta take. In allon ya yi shuɗi, ɗauki hotonsa da waya. Kwana uku na wannan rubutu ya fi fomat goma amfani.

Ni zafi na fi zargi, saboda ka ce da bazara abin ya fara. Ƙurar hunturu ta yi watanni tana shiga, ta daskare a fanka da haƙoran ƙarfen da ke sanyaya firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) kamar auduga. Sai ga Afrilu da zafin da ke haura digiri 40 a inuwa, balle a shago mai rufin kwano. Firosesa idan ta doshi digiri 100 takan rage gudu, in abin ya ƙi sai kwamfutar ta kashe kanta don kada ta ƙone. Sauke manhajar HWMonitor, kyauta ce, ka duba. In tana zaune ba aiki amma tana nuna 70 ko 80, ka kama ɓarawonka. Zare wayar wuta, buɗe murfin gefe, ka hure ƙurar da abin hura iska, kana riƙe da fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa. Ka guji iskar mai faci, sau da yawa tana fitowa da danshi. Man nan mai ruwan toka da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ma yakan bushe a tsohuwar kwamfuta, sai a goge a sa sabo kamar ƙwayar wake. Kuma ka ɗauke ta daga ƙasa ka ɗora a kan benci, nesa da bango.

Sai wuta. Ga tambayar da nake so ka amsa wa kanka: shin tana yawan mutuwa daidai lokacin da firinta mai laser ko injin fotokwafi ya fara aiki? Waɗannan injuna suna zuƙar wuta mai yawa sa'ad da suke dumama abin da ke gasa tawada a kan takarda. Ƙaramin janareta sai ya nisa, wutar ta faɗi na ƙiftawar ido, kwamfuta ta sake tashi. Gwajin ba ya cin ko sisi: yi wuni guda firinta da injin fotokwafin a kashe ka gani. In ta zauna lafiya, maganin shi ne UPS (akwatin batir da ke riƙe wuta in ta faɗi) ga kwamfutar ita kaɗai, kada ka jona firintar a jikinsa. Akwatin wutar da ke cikin kwamfutar ma yana gajiya, musamman wanda ya daɗe yana shan wuta mai hawa da sauka. Layinsa na bolt 12 bai kamata ya sauka ƙasa da 11.4 ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a aro lafiyayye a gwada. Amma kada ka buɗe cikinsa, yana riƙe wuta ko bayan an zare shi daga soket.

In hoton shuɗin allon ya nuna MEMORY_MANAGEMENT, nufi ram kai tsaye. Zare ta, goge bakinta mai ruwan zinare da magogin fensir a hankali, ka mayar har sai ka ji ta yi ƙas. In guda biyu ne, yi aiki da ɗaya yau, ɗaya gobe. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta mdsched, za ta gwada ram ɗin da kanta. MemTest86, wata manhajar gwajin ram, ya fi zurfafa bincike, a bar shi ya yi zagaye 4, kuskure ko ɗaya ya fito to akwai matsala. In kuwa WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR ka gani, koma kan zafi da wuta.

Rumbun ajiya ba shi da wuyar ganewa. Manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna maka lafiyarsa, in ya yi ruwan ɗorawa ko ja, ko kana jin ƙarar ƙas-ƙas daga ciki, canza shi da SSD (rumbun ajiya na zamani mara faifai mai juyawa) ba tare da jira ba.

Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, ka ba shi kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi maganin ba. Idan duk ka bi waɗannan tana nan yadda take, haska madabod (babban allon da kayan cikinta ke haɗe a kai) da tocila ka duba 'yan gwangwanayen da ke tsaye a kansa. Wanda kansa ya kumbura ko ya tsiyayo da wani abu kamar tsatsa ya mutu. A nan aikin ya wuce na gida, sai ka kai ta wajen masu gyara a Kano, irin na titin Beirut, ka tafi da littafin nan da hotunan, kuma ka ce a gwada kayan a gabanka kafin ka biya.