Amsoshin Tambayoyinku: Rubutu a Kan Sunan Littafi, da Bugun da Ya Kamata a Saya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, a Marwa ta ƙasar Kamaru, ina shirin jarrabawar Bak ta kammala sakandare. An ba mu aikin gwaji mu tattauna muhimmancin sunan wani littafin ƙagaggen labari, na zaɓi Le Vieux Nègre et la médaille, wato Tsohon Baƙar Fata da Lambar Yabo, amma ina rubuta layi biyar sai zance ya ƙare mini. Ta yaya 'yan kalmomin da ke bangon littafi za su cika shafi huɗu?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Zance ya ƙare miki ne domin kin tsaya a bango kina fassara kalmomi, alhali abin da mai gyaran takarda yake nema shi ne ki nuna masa yadda ma'anar sunan take sauyawa tun daga shafin farko har zuwa na ƙarshe. Saboda haka, kafin ki rubuta komai, ki ɗauki takardar gwaji ki jera duk wuraren da abin da aka ambata a sunan ya bayyana cikin labarin, kuma a gaban kowanne ki rubuta wanda yake kallonsa da irin kallon da yake masa.

Littafin da kika zaɓa, wanda Ferdinand Oyono ya fitar a 1956, ya sauƙaƙa miki wannan aiki. A farkon labari, lambar yabon da Turawan mulkin mallaka za su ba Meka, tsohon da labarin yake kansa, ɗaukaka ce a idonsa da na danginsa, har mutane suna tahowa daga ƙauyuka domin taya shi murna. Ranar 14 ga Yuli kuwa, ranar da za a ba shi lambar, ga tsohon nan an tsayar da shi shi kaɗai cikin wata da'ira da aka shata, rana tana dukansa, takalmi yana cin ƙafarsa, yana jiran babban Bature ya iso. A nan ne mai karatu zai tuna cewa mutumin ya ba mishan filayensa, kuma 'ya'yansa biyu sun mutu a yaƙin Turawa, sai lambar ta koma tamkar farashin abin da aka raba shi da shi. Da dare ya yi, hadari ya taso, lambar ta ɓace, 'yan sanda suka kama shi suka kulle ba tare da sun gane wanda aka karrama da rana ba. Kin ga sassa uku na rubutunki sun fito da kansu, kuma kowanne yana da hujjarsa daga cikin littafi.

Akwai kuma rabin sunan da ɗalibai suka fi mantawa. Marubucin bai sa sunan Meka a bango ba, sai ya kira shi da irin kiran da 'yan mulkin mallaka suke yi wa tsohon baƙar fata. A ganina wannan shi ne wurin da ake bambanta ɗalibin da ya yi tunani da wanda ya haddace, kuma ya cancanci sakin layi guda cikakke, ko dai a sashe na biyu ko a na uku.

Gabatarwarki ta ƙunshi marubuci da shekarar bugu, sannan tambaya guda wadda duk rubutun zai amsa, misali ko sunan yana yabon lambar ne ko yana yi mata ba'a, sannan ki sanar da sassan da za ki bi. Kowane sakin layi ya fara da ra'ayi, ya kawo abin da ya faru a labarin a taƙaice, ya dawo kan sunan. Idan kika ga kin cika rabin shafi kina ba da labari ba ki ambaci sunan ba, to kin saki hanya. A kammalawa ki amsa tambayar kai tsaye, kada ki ɓullo da sabuwar hujja. Ki ba tsarin kusan rubu'in lokacinki, ki kuma rage kaɗan a ƙarshe domin gyaran nahawu, tunda kurakuran Faransanci suna cin maki.

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Garwa. Yarona ya ce a makaranta an buƙaci littafin Djaïli Amadou Amal. Na je wurin masu sayar da littattafai, aka nuna mini biyu, Munyal da Les Impatientes, aka ce labari ɗaya ne, ga kuma wani ɗan ƙaramin littafin taƙaitawa mai araha. Wanne zan saya?

Amsa: Alhaji, Allah ya saka da alheri da wannan kulawa. Gaskiya ne tushen labarin ɗaya ne, wato rayuwar mata uku, Ramla da Hindou da Safira, amma bugun ba ɗaya ba ne. Munyal, les larmes de la patience ya fito a Yawunde a 2017, sannan aka sake gyara shi aka buga a Faransa a 2020 da sunan Les Impatientes, wanda ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban lise a wannan shekarar. Sunan farko yana ɗauke da kalmar Fulatanci ta haƙuri, wadda ake ta nanata wa matan nan, na biyu kuwa ya kira su marasa haƙuri. Idan aka tambayi yaronka muhimmancin suna ɗaya, shi kuma ya karanta ɗayan, zai iya gina hujjarsa a kan abin da ba a tambaye shi ba. Don haka ka sa ya kawo maka takardar jerin littattafai ta makarantarsu, ka sayi wanda aka rubuta a ciki daidai da sunansa da kamfanin da ya buga shi. Irin wannan yana faruwa har da littattafan da aka fassara: Things Fall Apart na Chinua Achebe ya fito da Faransanci a 1966 da sunan Le monde s'effondre, sabuwar fassara ta 2013 kuma ta zama Tout s'effondre.

Littafin taƙaitawa ba na hana shi, amma ya biyo bayan na ainihi, domin yakan ba da ma'anar suna a layi biyu, kuma duk ajin wannan layi biyun za su kwafa. Idan kuɗi sun yi kaɗan, tsohon littafi daga masu shimfiɗawa a bakin titi ya wadatar. Sai dai ka buɗe shi a gaban mai sayarwa, ka bi lambobin shafuka, musamman na farko da na ƙarshe waɗanda suka fi saurin yagewa, ka kuma duba ko bugun ya fito sarai, saboda kwafin da aka ɗauka da inji yakan tsallake shafi ko ya dusashe har ya ƙi karantuwa.